Filin Tambaya da Amsa: Saƙar Safa da Hannu

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan safa suke, don haka muka ba ta filin gaba ɗaya. Domin mu fahimci juna: madaukin zaren da ke zaune a kan kibiyar saƙa shi muke kira ido, saƙar da ke fitowa sumul a fuskar aiki ita ce saƙar gaba, mai ƙulli-ƙulli kuma saƙar baya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na iya saƙa hular jarirai da mayafin wuya, yanzu ina sha'awar gwada safa. Wane zare da wace kibiya zan nema? Ko ragowar zaren hula zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wadda ta iya hula ta riga ta yi rabin tafiya. Amma ragowar zaren hula ki bar wa hula. Babu wani kayan saƙa da ke shan wahala kamar safa: ana taka ta, takalmi na goga ta, gumi na jiƙa ta, sannan a wanke ta kusan duk sawa. Zaren da aka yi domin wannan aiki siriri ne, kashi 75 cikin ɗari ulu, kashi 25 nailan. Ulu ke ba da ɗumi da miƙewa, yana kuma tsotse danshin ƙafa, nailan kuma ke hana diddige saurin hujewa. Ki duba takardar jikin ƙunshin: giram 100 yana ɗauke da kimanin mita 400 zuwa 420, kuma wannan ya ishi safar babba ƙafa biyu, har da ɗan saura na faci. Ki ɗan warware bakin zaren da yatsa ki gani. Idan sili uku ko huɗu ne aka murɗe su tamau, ya yi. Zare mai sili ɗaya, komai laushinsa a hannu, ba ya daɗewa a ƙafa.

Kibiya kuwa mai kaurin milimita 2.25 zuwa 2.75 ake so, galibi 2.5. Ko dai ki sami gajeru masu tsini biyu, guda biyar, huɗu riƙe da aiki ɗaya tana saƙa, ko kuma mai igiya a tsakiya mai tsawon santimita 80 zuwa 100, wadda ake raba idanu gida biyu a kanta ana jan igiyar ta gefe. Duk wadda hannunki ya karɓa ita ce daidai. Sai allurar ɗinki marar tsini mai faɗin kafa, da tef na awo.

Shawara ɗaya da muke nacewa a kanta: safar farko ki yi ta da zare mai haske kuma launi ɗaya. A baƙin zare ko mai rikiɗa launi, mai koyo ba ya ganin idanunsa, wanda kuma bai ga ido ba ba zai gane inda ya kauce ba.

Tambaya: Na saƙa safa daidai da awon ƙafata, amma da na sa ta sai ta riƙa zamewa tana taruwa a cikin takalmi. Bayan sati uku kuma diddigen ya yi shara-shara. Ina na yi kuskure?

Amsa: Matsalolin biyu uwarsu ɗaya. Kin saƙa daidai da ƙafa, alhali safa ƙasa da ƙafa ake saƙa ta, kuma da alama saƙar ta yi sakwa-sakwa.

Ga yadda lissafin yake. Ki auna zagayen ƙafarki a wurin da ta fi faɗi, wato gindin yatsu, kina tsaye kin taka ƙasa. A ce kin sami santimita 22. Sai ki saƙa ɗan gwaji da zaren da kibiyar da za ki yi aiki da su, a zagaye, ba gaba da baya ba, domin hannun mutane da yawa ya fi saki a saƙar baya, awon zai ruɗe ki. Ki shimfiɗa shi ba tare da ja ba, ki ƙirga idanu nawa ne a santimita 10. A siririn zaren safa ana son 30 zuwa 32. Idan kin sami 32, kowane santimita yana da ido 3.2 ke nan. Ki ninka da 22, za ki sami 70 da 'yan kai. Daga nan ki cire kashi 10 cikin ɗari, saura 63. Sai ki matsa zuwa adadi mafi kusa da zai rabu huɗu ba saura, wato 64. Wannan kashi goman da aka cire shi ke sa safa ta miƙe ta rungumi ƙafa. Idan babu shi, tana shan ɗumin jiki za ta saki, ta fara tafiya a cikin takalmi, kuma safar da ke motsi tsakanin fata da takalmi ita ce ke cinyewa da wuri.

Idan gwajinki ya ba ki ido 26 ko 27 a wannan zare, kada ki rage adadin idanu don ki daidaita, kibiyar za ki sauya da wadda ta fi siriri. Ki ɗaga saƙar ki ɗan ja ta a gaban haske. Idan kina hango haske sosai ta tsakanin idanun, ta yi sako-sako. A irin wannan saƙa kowane sili yana da filin gogar ɗan'uwansa duk taku, ga shi kuma tafin ƙafa yana jin shatar zaren. Takardar jikin zare takan ba da shawarar kibiya har milimita 3. Wannan ya dace da riga ko mayafi. Safa tana son saƙa matsattsiya, wadda in kin taɓa za ki ji ta da ɗan tauri, wanki kuma zai tausasa ta.

Sai bakin safa. Ki fara da biyu gaba biyu baya, zagaye 15 zuwa 20. Amma layin farko da kike ɗora idanu, shi kam sakakke ake so, don ta nan diddige zai wuce. Ki ɗora idanun a kan kibiya biyu haɗe, sannan ki zare ɗaya. Kafin ki haɗa zagayen farko kuma ki tabbata layin bai murɗe a jikin kibiya ba, domin murɗaɗɗen zagaye ba shi da magani sai warwara.

Tambaya: Anti, don Allah ku taimaka. Sau uku ina kaiwa diddige ina warwarewa. Ban gane yadda abu miƙaƙƙe zai yi kwana ba.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, nan ne kowa ke tsayawa, kuma da zarar kin yi shi sau ɗaya da idonki a kai, ya zauna ke nan. Za mu yi misali da ido 64. Aikin kashi uku ne.

Na farko bangon diddige. Bayan ƙafar safar ta kai tsawon da kike so, misali santimita 15 zuwa 18 daga baki, sai ki raba idanun biyu. Ido 32 na saman ƙafa su zauna suna jira. Sauran 32 ki tara su a kibiya ɗaya, ki daina zagaye, ki koma saƙa gaba da baya. A layin fuska: ki tsallakar da ido ɗaya zuwa kibiyar dama ba tare da kin saƙa shi ba, ki saƙa na biye gaba, haka har ƙarshe. A layin ciki: ki tsallakar da na farko kawai, sauran duka saƙar baya. Ki maimaita har layi 32. Zaren da ke ratsawa ta bayan idanun da aka tsallake yana ninka kaurin wurin, daidai inda bayan takalmi ke ci. Tsallake idon farko na kowane layi kuma shi zai bar miki sarƙa mai ɗiya 16 a kowane gefe, kuma za ki neme su nan gaba.

Na biyu kwanar kanta. Sirrinta shi ne ba a kai ƙarshen layi, ana juyawa a tsakiya. A fuska: tsallake ɗaya, saƙa 18 gaba, sai ragi mai karkata hagu, wato ki tsallake ɗaya, ki saƙa na biye, ki ɗauko wanda kika tsallake ki haye da shi kan wanda kika saƙa. Ki ƙara saƙa ɗaya, ki juya aikin. Ido 10 sun rage ba ki taɓa ba, ki ƙyale su. A ciki: tsallake ɗaya, saƙa 7 baya, haɗa biyu ki saƙa su baya tare, ƙara ɗaya baya, ki juya. Nan ma 10 sun rage.

Yanzu ki dubi kibiyarki da kyau. A kowane gefe za ki ga ɗan giɓi tsakanin idanun da kika yi aiki da su da waɗanda ke jira. Daga nan ba sai kin ƙirga ba, giɓin ne jagoranki. Kowane layi ki tsallake na farko, ki saƙa har saura ido ɗaya kafin giɓi, ki haɗe wanda ke gabansa da wanda ke bayansa, ki saƙa ɗaya, ki juya. Tsakiya na ƙara layi, gefuna na shigowa ciki, kafin ki ankara ɗan ƙoƙo ya fito a hannunki. Idan idanun gefe suka ƙare, 20 za su rage a kibiya. In kin sami 19 ko 21, to akwai layin da kika manta saƙa ido ɗayan nan na bayan ragi, ko kika yi ragin ba a kan giɓi ba. Layuka 12 ne kacal, warware su ya fi ɗaukar kuskuren ki tafi da shi.

Na uku kwiɓin safa. Ki saƙa 20 ɗin nan gaba, sannan ki bi gefen bango kina soka kibiya ƙarƙashin sili biyu na kowace ɗiyar sarƙa kina jawo sabon ido: 16, da ƙarin ɗaya a lungu, 17. Ki saƙa 32 na saman ƙafa, ki ɗebi 17 a ɗaya gefen. Kin koma zagaye da ido 86. Yawan nan ba kuskure ba ne, tsakanin diddige da wuyan ƙafa shi ne wuri mafi faɗi da safa za ta rufe. Sai ki riƙa rage biyu a zagaye ɗaya, zagaye na biye ki saƙa ba ragi. Kafin ki shiga saman ƙafa, saura ido uku, ki haɗa biyu gaba ki saƙa ɗaya. Bayan kin fito daga saman ƙafa, ki saƙa ɗaya ki yi ragi mai karkata hagu. Ragi sau 11, zagaye 22, kin dawo 64.

Mai tudun saman ƙafa, wadda safa ke matse wa wuyan ƙafa, ta ƙara bango zuwa layi 36, ta ɗebi 19 a kowane gefe.

Tambaya: Safata ta yi kyau, sai dai akwai 'yar huda a kowane gefe wajen idon sawu, da wani layi sakakke da ya miƙe daga sama har ƙasa a inda kibiyoyi ke haɗuwa.

Amsa: Hudar tana fitowa ne a inda bangon diddige ya rabu da saman ƙafa, domin zaren da ke tsakaninsu ya sha ja tsawon layi 32. Ƙarin ido ɗayan da muka ambata a lungu shi ne maganinta, amma kada ki ɗebe shi a cikin hudar kanta, faɗaɗa ta za ki yi. Ki ɗaga silin da ke kwance tsakanin idanu biyun, ki saƙa shi ta bayansa domin ya murɗe ya toshe wurin. Wadda kika riga kika gama kuwa, ki juya ta ciki ki zagaye hudar da ɗan zare a allura ki tsuke.

Layin nan sakakke kuma, mafi yawan masu koyo idon farko na sabuwar kibiya suke ja da ƙarfi, yana kuwa sake saki nan take. Na biyu za ki ja, bayan kin soka kibiya a cikinsa, shi ke kulle na farko. In ya ƙi, duk bayan zagaye biyu ko uku ki matsar da mahaɗar da ido biyu. Wankin farko ma yakan share mafi yawansa.

Tambaya: Ni ƙafata ba ta son zafi, ina ganin ulu zai dame ni. Zan iya saƙa safa da zaren auduga zalla? Ko akirilik, tunda shi ya fi sauƙin samu?

Amsa: Ana iya yi, kuma an daɗe ana yi. Daga cikin tsofaffin kayan saƙar kibiya da aka tono a duniya akwai safunan auduga daga Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13, masu ado fari da shuɗi. Amma ki san halin auduga: in ta miƙe ba ta komawa. Da safe safar tana daidai, da la'asar ta sauko idon sawu. Tana kuma riƙe gumi ta zauna a jiƙe, jiƙaƙƙiyar safa kuwa ita ke kawo bororo a ƙafa. In za ki yi da ita, ki nemi zaren safa da aka gauraya auduga da nailan da ɗan zare mai roba, ko auduga da ulu. Ki cire kashi 15 cikin ɗari a lissafi maimakon 10, ki kuma ci gaba da biyu gaba biyu baya tun daga baki har saman ƙafa, don wannan saƙa tana da tsukewa a jikinta ko da zaren ba shi da ita.

Akirilik, wato zaren da masana'anta ke haɗawa daga sinadarai, ba ma ba da shawararsa ga safar takalmi. Ba ya tsotse danshi, ƙafa na yin gumi ta yi wari, yana kuma saurin yin gudaje a fuskar saƙa. Ga safar zama a ɗaki babu laifi. Kuma kada ki yanke wa ulu hukunci da kaurin rigar sanyi. Siririn ulu a gajeriyar safa da ta tsaya a idon sawu yana barin ƙafa a bushe fiye da yadda mutane ke zato.

Tambaya: Yaushe ake fara rage wajen yatsu, kuma yaya ake rufewa ba tare da tudun ɗinki yana cin yatsa ba?

Amsa: Kan safa yana cin kimanin santimita 5, kuma a tsawo ma ana son safar ta gaza ƙafa da kamar santimita 1. Ƙafa mai tsawon 24, sai a fara ragi idan an kai 18 daga bayan diddige. Mafi sauƙi ki zura ƙafar da kibiyoyin a jiki: in saƙar ta kusa rufe ƙaramin yatsa, lokaci ya yi.

Ki raba 32 sama, 32 ƙasa. A farkon kowane rabi ki saƙa ɗaya ki yi ragi mai karkata hagu, a ƙarshensa saura uku ki haɗa biyu ki saƙa ɗaya. Ido huɗu ke nan a zagaye. Zagaye ɗaya ragi, ɗaya hutu, har su zama 32, sannan ragi kowane zagaye har 16. Mai faɗin yatsu ta tsaya a 20 ko 24.

Rufewar da ba ta barin tudu da allura ake yi. Takwas a kibiyar gaba, takwas a ta baya, ki yanke zare ki bar santimita 30. Shiri: soka allura a idon farko na gaba kamar za ki yi saƙar baya, ki bar shi a kibiya, sai na farko na baya kamar saƙar gaba, ki bar shi. Daga nan abu huɗu ne ke maimaituwa. Kibiyar gaba: na farko kamar saƙar gaba, sauke shi, na biye kamar saƙar baya, bar shi. Kibiyar baya: na farko kamar saƙar baya, sauke shi, na biye kamar saƙar gaba, bar shi. Zaren ya riƙa bi ta ƙarƙashin kibiyoyi, kuma kada ki ja da ƙarfi, in kin gama sai ki bi da bakin allura ki daidaita. Wannan wuri ne da ba a amsa kira a tsakiyarsa, mai ajiyewa yakan manta inda ya tsaya.

Tambaya: Safar ƙafa ta biyu kullum sai ta fi ta farko girma ko ƙanƙanta, in ma na daure na gama ta.

Amsa: Tef yana ruɗi a kan saƙa mai miƙewa, ƙirga ba ya yi. Ki rubuta adadin zagayen baki, na ƙafa, na tafi, kina saƙala zaren wani launi duk zagaye goma. Sannan hannu yana sauyawa in an daɗe ba a taɓa aiki ba, don haka ranar da kika rufe ta farko ki ɗora idanun ta biyu. Wasu sukan tafi da su tare a kibiyoyi kashi biyu, bakin wannan sai bakin waccan, diddigen wannan sai na waccan. Muna son wannan hanya ƙwarai, don hannu bai manta diddige ba ake maimaita shi.

Tambaya: Gaisuwa da fatan alheri. Mahaifiyata ta saƙa mini safa biyu. Ɗaya na jefa a injin wanki ta fito ta motse ta yi tauri, ɗayar kuma ta fara sirancewa a ƙarƙashin diddige. Akwai gyara?

Amsa: Malam, Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ya ƙara mata lafiya. Wadda ta motse sai haƙuri, ba ta dawowa. Kowane gashin ulu yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa. In ruwan zafi da sabulu da murza suka haɗu, gashin ya sarƙe da juna, ba ya kuma kwancewa. Sai dai a ba yaron da ta yi wa daidai. Ulun da aka rubuta a takardarsa cewa yana jure inji an riga an gyara masa wannan ɓawo, shi ana iya sa shi a jakar raga a wanke a digiri 30. In ba ka da tabbas, ka jiƙa ta a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi na minti 15, ka matsa a hankali ba cuɗa ba murɗa, ka ɗauraye da ruwa mai irin wannan ɗumi, ka naɗe ta a tawul ka danna, ka shimfiɗa a inuwa. Bilic kada ya kusance ta, narkar da ulu yake yi. Kafin a adana ta kuma a wanke, domin asu ya fi bin ulu mai gumi.

Ɗayar kuwa yanzu ne lokacinta, tun ba ta huje ba. Ka zura wani abu mai santsi da zagaye a ciki, kamar ƙaramar ƙwallo, domin wurin ya miƙe. Ka sa ragowar zaren a allura marar tsini. Kowane ido a fuskar saƙa ƙafa biyu gare shi da suka haɗu a ƙasa. Ka fito da allura ta gindin ido, ka ratsa ta bayan ƙafa biyun idon da ke samansa, ka koma ta inda ka fito, ka wuce na kusa. Sabon zare yana hawa kan tsohon sawu-sawu. Ka fara layi uku ƙasa da wurin da ya sirance, ka wuce shi da ido uku a kowane gefe, domin facin ya kama lafiyayyen zare. Kada ka ƙulla, ƙulli a tafin ƙafa yana ci. Ka bar bakin zaren santimita 8, ka saƙala shi ta ciki a bayan idanu shida ko bakwai, ka juyo ka bi uku, sannan ka yanke. In kuwa har ta huje, sai ka jera zare a tsaye a kan hudar kusa da kusa, ka ratsa su a kwance, sama da ƙasa, kana matse kowane layi da bakin allura, ka kuma bar facin da ɗan saki don wurin ya iya miƙewa in an taka.